Waƙa Da Bakin Aro: Ina Mawaƙan Katsina Suka Dosa?

Mai karatu, saurari abin da samarinmu ke rerawa a situdiyoyin Katsina: baiti ɗaya Hausa, na biyu Turanci. Aron harshe ba laifi ba ne, inda gizo ke saƙa shi ne lafazi. Bakin Bahaushe bai saba raba "p" da "f" ba, sai yaro ya nufi "pull" ya ce "full", ma'ana ta watse. Kamar baƙo ne ya ce maka "kare" alhali "ƙare" yake nufi. Ai dariya za ka yi!

Manya ma sun san wuyar abin. A 1964 Beatles sun rera waƙoƙinsu biyu da Jamusanci, daga nan ba su ƙara ba. ABBA kuwa, da za su fitar da kundin Sifaniyanci a 1980, sai da suka nemo mai gyara musu furuci. To namu fa, wa ke gyara musu?

Har Mamman Shata ya rasu a 1999, da Hausarsa ta ƙasar Katsina ya ci kasuwa. Saboda haka, samari, ko ku nemi malami kafin ku shiga situdiyo, ko ku riƙe harshen da kuka tsotsa a nono.