Makarɓin da Aka Raina a Ƙwayar Ƙoda, Anya Halinsa Ɗaya da na Ƙwaƙwalwa?

Idan ka karanta cewa wani sinadari "ya toshe makarɓin saƙon ƙwaƙwalwa", ka fara tambaya: a ina aka gwada shi? Sau da yawa ba a ƙwaƙwalwa ba ne. Makarɓi furotin ne da ke karɓar saƙo tsakanin jijiyoyi. Masu bincike kan ɗauki ƙwayar gadonsa su cusa cikin ƙwayoyin HEK293, masu asali daga ƙodar ɗan tayi, ko cikin ƙwan kwaɗon Xenopus, su sa su ƙera shi.

Dabarar ta yi rana, ba musu. Da furotin ƙirar ɗakin gwaji ne ayarin Eric Gouaux ya fitar da cikakkiyar siffar makarɓin AMPA a 2009.

Amma fa a ƙwaƙwalwa AMPA ba shi kaɗai yake zaune ba. Yana manne da wasu furotin da ake kira TARP, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A 2007 ayarin Roger Nicoll ya nuna cewa CNQX, sinadarin da aka sani da toshe AMPA, yakan ɗan buɗe shi idan TARP na nan. Kenan maganin da aka tantance a kan makarɓi tsura zai iya yin akasin abin da ake zato a jikin mutum.

Ba a ce a yar da dabarar ba. Kawai dai, kafin ka yarda da sakamako, duba ko an haɗa makarɓin da abokan zamansa, kuma ko an maimaita gwajin a jijiya ta gaske.