Sleep da waƙar da kamfani ya ƙi saki

A shekarar 1996 wasu samari uku daga garin San Jose na jihar Kalifoniya suka miƙa wa kamfanin London Records aikin da aka biya su kuɗi su yi. Kamfani yana jiran faifai mai waƙoƙi takwas ko goma, a tsinci guda a kai rediyo. Abin da aka kawo masa waƙa ce ƙwaya ɗaya tal, tsawonta ya zarce awa guda. Sunan ƙungiyar Sleep, sunan waƙar Dopesmoker. Kamfani ya ce ba ya saki, su kuma suka ce ba a taɓa musu ita yadda kamfani yake so. Daga nan ƙungiya ta watse. A kan wanga rikici nike son in yi magana, don a ganina duk tarihin Sleep a cikinsa yake.

Bari mu fara da irin kiɗan, tunda ba kowa ne cikinmu ya saba da shi ba. In an ce metal, abin da ke zo wa mutum shi ne gudu da ihu. To akwai wani reshe da ake ce wa doom, wanda ya ɗauki hanyar da ta saɓa: a sassauta wayoyin gitar har muryarta ta yi kauri, a rage gudu, a ƙure amfili, a yi ta maimaita sara ɗaya. Asalinsa daga Black Sabbath ne, ƴan Birmingham ta Ingila, waɗanda faifansu na farko ya fito a 1970. Mai gitarsu, Tony Iommi, inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'anta, shi ya sa daga baya ya riƙa sassauta waya don ta yi masa sauƙin dannawa. Lalura ta zama salo. Shi kuwa stoner, kalmar tana nufin mashayin wiwi, kuma ba su ɓoye wannan ba.

Sleep sun fara su huɗu: Al Cisneros mai gitar bas da waƙa, Matt Pike da Justin Marler masu gitar, Chris Hakius mai ganguna. Bayan faifan farko, Volume One na 1991, Marler ya aje gitar ya shiga gidan ibadar Kiristocin Otodoks ya zama mai zuhudu. Ukun da suka rage suka yi Sleep's Holy Mountain a 1992, wanda Earache ta Ingila ta fitar. Faifai ne mai daɗi, musamman waƙar Dragonaut, amma in za a faɗi gaskiya, almajirai ne ke karanta allon malaminsu. Ko ina ka taɓa, Black Sabbath kake ji. Sun iya kwaikwayo ƙwarai, kuma kwaikwayon ne ya jawo hankalin babban kamfani.

Dopesmoker ce inda suka daina zama almajirai. Sun ɗauke ta tare da Billy Anderson a wani sitidiyo na ƙauye a arewacin Kalifoniya. Zaren ɗaukar sauti na lokacin minti 22 kawai yake ci, dole aka ɗauki waƙar kashi uku aka haɗe. Ana wuce minti 8 kafin a ji muryar mutum. Sara guda ce ginshiƙi, tana tafiya tana dawowa, kowane zuwa da ɗan canji: nan an ja sauti, can an jinkirta ganga, gaba an bar gitar tana ƙugi ita kaɗai. Wanda ya saurari minti 3 ya kashe zai ce ba abin da ke faruwa. Da gaskiyarsa, don abin da ke faruwa ba ya bayyana a minti 3. Sai kunne ya haddace sarar sannan yake gane lokacin da aka karkata ta.

Mu wanga ba baƙon abu ba ne gare mu. Wanda ya tashi yana jin kaset ɗin Shata ya san amshi ɗaya na iya ɗaukar waƙa doguwa ba a gaji ba, kuma ba wanda ke cewa kalangu ya faye maimaici. Maimaicin shi ne ƙasa, a kansa ake gini. Abin da ma'aikatan kamfani suka ji a matsayin aibi, kunnen Bahaushe zai iya jin sa a matsayin tsari.

Akwai abin da ya fi jan hankalina, ni mai karatun harshe: yadda Cisneros ke rera kalma. Kusan a kan murya ɗaya yake tsayawa, ba hawa ba sauka, yana yanka kalma gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da nauyi daidai da ƴar uwarta. Turanci harshe ne da ke dogara da nauyin gaɓa: wata a danne ta, wata a haɗiye. Shi ya baje wannan duka, har Turancin ya daina kama da magana, ya koma kamar wani abin kiɗa na huɗu. A Hausa da wuya a yi haka ba a yi ɓarna ba, don mu karin sauti ne ke raba kukan jariri da kukar miya. Ya kuma watsar da ƙananan kalmomin da ke ɗaure jimla, yana jera suna bayan suna, yana ƙirƙiro nasa. Ba labari yake ba ka ba, hotuna yake ajewa ɗaya bayan ɗaya.

To amma hotunan mi? Nan ne nike da ja. Waƙar tana maganar wani ayari na mashaya wiwi da ke ratsa hamada zuwa ƙasa mai tsarki. Wanda ya san ayarin gishiri da ke zuwa Bilma, ya san mi ake nufi da ƙishirwa da lissafin kwana tsakanin rijiya da rijiya, zai ga hamadar Sleep ta littafin zane ce. Ba asara, ba raƙumin da ya faɗi. Kuma wiwin da suka mayar abin tsarkakewa, mu mun san shi a bakin tasha da bayan makaranta, mun san samarin da ya zaunar. Ba zan ce a rufe ido a kan wannan don kiɗa ya yi daɗi ba. Abin da nike cewa shi ne, kalmomin su ne sashe mafi rauni a aikin. Kuma masu cewa sai an sha ake gane waƙar sun rena ta. Awa guda ana riƙe da sara ɗaya, mutum uku, ba wanda ya yi gaba ya bar ƴan uwa, wannan aikin natsuwa ne da horo. Hayaƙi ba ya koyar da shi.

Abin da ya biyo baya shi ya nuna wa ke da gaskiya. A 1999 aka fitar da wani yanki da aka taƙaita zuwa minti 52, aka raba shi gida shida, da sunan Jerusalem. A 2003 Tee Pee ta saki mai minti 63, a 2012 kuma Southern Lord ta sake fitar da ita da gyaran sauti. A tsakani, Jim Jarmusch ya sa wani ɓangarenta a fim ɗinsa Broken Flowers na 2005. Pike ya kafa High on Fire, wadda ta ci kyautar Grammy a 2019. Cisneros da Hakius suka kafa Om, bas da ganga kawai. Har zuwa 2009 babu Sleep, amma waƙar tana yawo daga hannu zuwa hannu. Da suka sake haɗuwa a 2009 a wani bikin kiɗa a Ingila, sun tarar da jama'ar da ba su taɓa samu ba lokacin da suke tare. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai dai nasara ita ma da kuɗinta. The Sciences, wanda Third Man ta fitar da Jason Roeder a kan ganguna, an sake shi ran 20 ga Afrilu 2018, ranar da mashayan Amurka suka mayar tasu. A wannan shekara kuwa an riga an fara sayar da wiwi a kanti a Kalifoniya bisa doka. Faifan yana da kyau, sauti ya fi tsabta, hannu ya ƙware. Amma abin da a 1996 ya sa kamfani ya rufe musu ƙofa, a 2018 shi ne tambarin da ake sayarwa a jikin riga. Ba wanda zai kore su a kan wannan faifai, kuma ana jin haka a cikinsa.

Shi ya sa ban yarda da yadda ake ba da labarinsu kamar tatsuniya ba, wai sun ƙi kamfani sun ci riba. Sun ƙi, sun rasa ƙungiya sama da shekara 10, kuma ranar da suka ƙi ba wanda ya yi musu alkawarin za a waiwayo. Ƙungiyoyi nawa suka yi irin wannan taurin kai aka manta da su? Abin da ya cece su shi ne akwai dalili a cikin waƙar kanta da ya hana a yanka ta: in ka rage tsawon, ka cire abin da take yi. Mu da ke rubutu muna bugawa da kuɗin aljihunmu, kullum za a ce mu rage, mu sassauta, mu yi irin wanda ake saye. Wani lokaci mai cewa a rage shi ke da gaskiya. Kafin mutum ya ce ba a taɓa masa aiki, ya zauna ya duba ko aikin nasa yana da irin wannan dalili.