Jan Fenti a Bangon Nima

Duk wanda ya zaga Accra, wadda mu 'yan Zango ke kira Ankara, ya san jan fentin nan da ma'aikatan hukumar gari ke rubutawa da Turanci a jikin bango: a dakatar da aiki, a kawo takardar izini. A Nima da Maamobi rubutun ya yi yawa har ido ya daina ganinsa. Mai gida zai jira kwana biyu, ya shafe shi da siminti, ya ci gaba da ɗora bulo. Wasu na cewa taurin kai ne irin na mutanen Zango. Ni kuwa ina ganin akwai abin dubawa a dokar kanta, da kuma hannun da ke riƙe da ita.

A takarda dokar ba ta da aibu. Tun 1945 Turawan mulkin mallaka suka kafa dokar tsara birane, aka yi ta aiki da ita har 2016, lokacin da majalisar dokokin Gana ta maye gurbinta da doka mai lamba 925 kan amfani da ƙasa da tsarin gari. Ba a gini sai da izini. Ba a kafa allon talla sai hukuma ta yarda an kuma biya kuɗinsa. Itace ma a cikin birni ba a sare shi da ka, sai an nemi izini. Wa zai ƙi wannan? Da shi ne Ridge da Cantonments suka zama abin da suke, tituna masu faɗi, gidaje a ja da baya, darbejiya ta yi rumfa a kan hanya.

Sai dai Nima ba ta taso a ƙarƙashin wannan inuwa ba. A 1931 ne Malam Amadu Futa ya sami wurin daga hannun gidan Odoi Kwao na Osu domin kiwon shanu, baƙi suka riƙa sauka wurinsa yana yanka musu fili. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara jawo jama'a masu neman aiki a sansanonin soja da ke kusa. Duk wannan lokaci unguwar tana wajen iyakar birni, ba a shigar da ita ba sai 1951. Kafin mai awo ya iso da igiyarsa, gidaje sun riga sun haɗa kafaɗa, lunguna sun riga sun zama hanya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, hukuma kuwa sai da ya bushe ta zo.

To, mai karatu, ka sa kanka a matsayin mai gida a Maamobi. Gidan na kakanka ne, ku goma sha ne magada, wasu na Kumasi, wasu na Jamus. Kana son ƙara ɗaki ko ka ɗora bene. Ofishin izini zai nemi shaidar mallakar fili, da taswirar wurin, da zanen gini daga ƙwararre, ya kuma ce ka bar tazara tsakaninka da maƙwabci. Takardar da kake da ita, in ma akwai, sunan mamaci ne a kai. Tazarar kuwa babu inda za ta fito, don bangonka shi ne bangon maƙwabcinka. Masu bugo mana waya a gidan rediyo sun sha faɗar wannan: ƙofar da aka ce su bi ba a yi ta daidai jikinsu ba. Saboda haka sai a yi gini ranar Lahadi ko da dare, in wani ma'aikaci ya leƙo a ba shi na goro. Dokar da yawancin mutane ba za su iya cikawa ba, ƙarshenta ta zama kasuwar mai riƙe da fenti.

Batun alluna ma haka yake. Kowace shekara hukumomin gari na fitar da jadawalin kuɗaɗen da za su karɓa, allon shago na ciki. Tela da mai aski da mai sayar da waakye sun san ranar zuwan masu rasit. Amma hotunan 'yan takara da ke rataye a kan fitilun titin Nima sukan kwana wata da watanni bayan zaɓe, ba wanda ya ce uffan. Allon da unguwa ta fi bukata kuma shi ne ya fi ƙaranci. A 2013 gwamnati ta umarci hukumomin gari su sa wa tituna suna, a 2017 aka ƙaddamar da adireshin zamani na GhanaPostGPS, amma har yau mai kwatance a cikin lungu da masallaci da mai koko yake yi. Ranar gobara ko naƙuda, wannan kwatance na iya cin rai.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne itatuwa. Ka tsallaka titi daga Nima zuwa Kanda, jikinka zai gaya maka ka canza unguwa tun kafin idonka ya gaya maka. Can inuwa, nan kwano da siminti. Mangwaro ko darbejiyar da ke tsakar gida, wadda a gindinta ake karatun allo, ake suna, dattawa ke shan iska bayan la'asar, ita ce ta farko da ke tafiya idan aka zo ƙara ɗakin haya. Ba wanda ke zuwa da jan fenti saboda ita, don babu rasit a cikin kare itace. A watan Yunin 2021 aka fara ranar dashen itatuwa ta ƙasa da burin dasa miliyan 5. Niyya ce mai kyau, amma wanda aka ba dashe a unguwar da babu taƙi ɗaya na ƙasa a buɗe, a ina zai sa shi?

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma muna da namu kason. Mai gidan da ya ci rabin lungu da matakala, da wanda ya dasa kwantena a kan magudanar ruwa, da mai juye shara a babban gota in hadari ya taso, ba talauci kaɗai ya sa su ba. Ruwan gotan nan Circle yake gangarawa ya faɗa Odaw, kuma ba mu manta daren 3 ga Yunin 2015 ba, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai suka kashe mutum fiye da 150 a wurin. Doka a kan hanyar ruwa ba zalunci ba ce.

Abin da nake nema ba mai wuya ba ne. Tun 2018 Nima ke da hukumarta ta Ayawaso ta Gabas, Maamobi kuma tana ƙarƙashin Ayawaso ta Arewa, kuma dokar 2016 ta ba irin waɗannan hukumomi ikon zana tsari na musamman ga kowace unguwa. To su zana wanda ya fara daga abin da ke ƙasa. A zauna da sarakunan Zango da limamai da mata 'yan kasuwa da matasa, a tsayar da faɗin lungun da ba a taɓawa, a sauƙaƙa wa magada hanyar samun takarda, a ƙirga manyan itatuwan da suka rage, a rage wa mai gidan da ya bar nasa harajin gida. A 2019 an yi mana alkawarin sake gina Nima gaba ɗaya, mutane suka kwana da tsoron tashi, aikin kuma bai zo ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A gyara unguwa da mutanenta a ciki, sannan in jan fenti ya zo, mai gida zai san akwai ƙofar da zai iya bi.

Allah ya sa mu dace.