Jinjina ga Masu Sanya Lambobin Cutar Haƙori

Idan ruɓewar haƙori ta ci ɓawonsa ta kai ga ɓargon ciki, inda jijiya da hanyoyin jini suke, likita zai yi aikinsa ya rubuta bayani. Daga nan sai masu sanya lamba su karɓa. Su ne ke mayar da bayanin likita zuwa lambobin da kamfanin inshora ke dubawa kafin ya biya.

A Amurka, tun 1 ga Oktoba 2015 ake aiki da kundin ICD-10-CM, wanda aka gina a kan na Hukumar Lafiya ta Duniya. A cikinsa, ruɓewar da ta kai ɓargo daga ramukan saman haƙori tana da lamba K02.53, wadda ta shiga ta gefen da yake sumul kuma K02.63. Kumburin ɓargon da ba zai warke ba shi ne K04.02. Maganin kansa yana da nasa kundin, CDT, na Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka: cire jijiyar haƙorin gaba D3310, ta turmi kuwa D3330.

Gwanintar tana wajen daidaita cuta da magani. Idan lambar ta nuna ruɓewar ba ta wuce ɓawo ba, alhali an cire jijiya, kamfani na iya ƙin biya, nauyin ya koma kan mara lafiyar da ya riga ya sha azaba. Nagari cikin masu sanya lamba ba ya ƙara lamba don kuɗi su ƙaru, kuma in rubutun likita bai fito sarai ba, komawa yake ya tambaya. Aiki ne na natsuwa da amana, kuma masu yin sa sun cancanci yabo.