Dala da Tamma: Tsokaci kan Rahoton PASEC na 2014 da Gudummawar Iyaye a Tamaske

1. Gabatarwa

A shekarar 2014 hukumar CONFEMEN ta auna ƙwarewar ƴan firamare a ƙasashe 10 na Afirka, Nijar na ciki, aka fitar da rahoton a 2015. A aji na biyu, wato CP, kimanin yara 9 cikin 10 na Nijar ba su kai matakin da ake bukata ba a fannin harshe, 7 cikin 10 kuma a lissafi. A ajin ƙarshe lissafin ma ya koma 9 cikin 10. Ba mu da ja game da waɗannan alƙaluma, kuma awon 2019 ya nuna an ɗan farfaɗo. Abin da za mu duba a wannan maƙala shi ne yadda rahoton ya ɗauki gida. Ya kula da ko akwai littattafai a gidan yaro, da ko iyayensa sun iya karatu. Amma bai tambayi wane irin lissafi ake yi a gidan ba. Za mu ɗauki misalanmu daga Tamaske, cikin gundumar Keita ta jihar Tawa.

2. Ƙirga biyu, baki ɗaya

Bahaushen Nijar ba ya ƙirga kuɗi da tamma. Da dala yake ƙirgawa, dala ɗaya kuwa tamma 5 ce. Dubi waɗannan:

(1) 25 F: biyar
(2) 50 F: goma
(3) 100 F: ashirin
(4) 500 F: ɗari
(5) 1000 F: jika

Yarinya ƴar shekara bakwai da ke tallan ƙosai a kasuwar Tamaske ta san wannan tsari sarai. Idan an miƙa mata ƙwandalar da aka rubuta 100 a kanta, aka sayi na biyar, za ta maido sha biyar ba tare da ta taɓa alli ba. Washegari a lakwal malam zai rubuta 100 a allo ya ce cent, in ya tausaya ya fassara da "ɗari". Ga yarinyar kuwa ɗari kuɗi ne da ya ninka wannan sau biyar. Da dare uwarta ta duba kaye, aka karanta mata 25 F + 25 F = 50 F, sai ta ce biyar da biyar ai goma ne. Uwa ta yi daidai, malam ma ya yi daidai, yarinya ce ta rasa wanda za ta bi.

A nan ne muke ganin rahoton ya gaza. A ma'auninsa wannan uwa tana cikin rukunin marasa karatu, ke nan ba a sa ran wani taimako daga gare ta, alhali ita ce ta koya wa ƴarta tarawa da ɗebewa tun kafin CI. Ba mu cewa alƙaluman sun tabbatar da ra'ayinmu. Amma ya kamata a tsaya a kan abu ɗaya: yaranmu sun fi ƙoƙari a lissafi a farkon lakwal, sannan su yi ƙasa yayin da lissafin ya koma rubutattun matsaloli cikin Faransanci. Kada a manta kuma cewa Burundi, wadda ta zo kan gaba a ajin na biyu, da harshen Kirundi aka yi wa yaranta jarrabawar, namu kuwa da Faransanci.

(Littattafan lissafi na Hausa da ake bugawa a Zariya ko Kano ba za su fisshe mu ba, domin naira ɗari a baki ita ce 100 a takarda.)

3. Batun karatu

Nan ma kalmar "iya karatu" tana bukatar a warware ta. Uban da ke rubuta bashin albasa da ajami ya iya karatu ko bai iya ba? Yaro da yawa sun riga sun riƙe allo a makarantar malam, sun san cewa baƙi yana da suna da sauti, sai dai hannunsu ya saba tafiya daga dama zuwa hagu. Ko a ajin da ake koyarwa da Hausa akwai saura, don yaron Adar biyat da tahi da shina yake faɗi, littafi kuwa biyar da tafi da yana ya rubuta. Bernard Caron ya bayyana wannan karin harshe tun 1991, amma aikin nasa na masana ne, ba jagorar malamin CI ba.

4. Abin da ya rage

Ba doka ce ta yi ƙaranci ba. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Doka mai lamba 98-12 ta ranar 1 ga Yuni 1998 ta amince da koyarwa cikin harsunan gida, kuma kundin da aka zartar a watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa. Sai dai fassara littafin lissafi zuwa Hausa kaɗai ba ta warware matsalar (3) da (4), ƙara ta ma take yi, tun da yanzu kalma ɗaya ce, "ɗari", za ta ɗauki ƙima biyu cikin harshe ɗaya.

Shawararmu ƙarama ce. A CP a ware darasi da ƙwandaloli na gaske, yaro ya rubuta sunan kasuwa a gefe ɗaya, lambar da ke jikin kuɗin a ɗaya gefen, har ya gano da kansa cewa biyar-biyar ake ninkawa. Wannan shi ne jadawalin ninki na 5, wanda za a sa shi haddacewa daga baya. Aikin gida irin wannan uwa za ta iya gyara shi da baki, tana tuyar ƙosanta. Masu shirya awo na gaba kuma su ƙara tambaya ɗaya a takardarsu: wa ke aiken yaron kasuwa, kuma nawa ake ba shi ya riƙe?