Farko ko Farkon? Kalma Ɗaya, Fassara Biyu

'Yan'uwa ɗalibai, nahawun Larabci ya kawo ni Alƙahira, amma darasin kwatanta Larabci da Ibrananci ya haɗa ni da wata mas'ala da nake so mu duba tare. Tana nan a kalmar farko ta littafin Farawa, wato "bereshit".

Bahaushe zai gane matsalar nan take. In ka ce "a farko", magana ta tsaya da ƙafarta. In kuwa ka ce "a farkon", dole mai sauraro ya jira abin da zai biyo baya, kamar mudafi da mudafun ilaihi a Larabci. To, wannan kalma tana ɗaukar duka biyun. A karatu na ɗaya, ayar cikakkiyar jumla ce mai ba da labarin halittar sama da ƙasa. A na biyu, shimfiɗa ce kawai mai nuna lokaci, aikin yana zuwa daga baya.

Rashi, malamin Yahudawa na Faransa da ya rasu a 1105, ya zaɓi na biyu. Hujjarsa ita ce, "reshit" ta saba zuwa a jingine da wata kalma, kamar a Irmiya 26:1, inda ake maganar farkon sarautar Yehoyakim. Masu wannan ra'ayi sun ƙara da cewa ba a yi wa kalmar wasalin ma'arifa ba. Ɗaya ɓangaren kuma suka ce a Ishaya 46:10 ta zo ita kaɗai, kuma kalmar da ke bin ta a Farawa fi'ili ne na abin da ya wuce, ba masdari ba. Sai aka mayar masu da Yusha'u 1:2, inda aka jingina suna ga fi'ili.

Kada mai karatu ya ɗauka wasa da kalmomi ne. Karatu na ɗaya ya fi dacewa da aƙidar halitta daga babu. Na biyu yana buɗe ƙofar cewa duhu da ruwan da aya ta biyu ta ambata suna nan lokacin da aka fara aikin.

Fassarar Girkanci ta Iskandariyya, tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta bi na ɗaya, haka ma ta Sarki James ta 1611. Fassarar Yahudawan Amurka ta 1962 ta bi na biyu.

Ni dai na fi karkata ga na ɗaya, domin nahawu bai hana shi ba, kuma tsofaffin masu fassara a kansa suka tafi. Amma kukana ga duk fassarar da ta zaɓi hanya ɗaya ta yi shiru kan ɗayar. Mai fassara ɗan aike ne. In saƙo ya zo da fuska biyu, amana ita ce ya faɗa, ko da a hashiya ce.