Jinjina ga Masu Jinyar Ƙwaƙwalwar Yaranmu

A Kano, an san unguwannin Sharaɗa, Challawa da Bompai da majemu da masaƙu da kamfanonin roba. Tun da masaƙu suka fara rufewa saboda rashin wuta da kwararowar yadin waje, wahalar ta sauka a gidajen ma'aikata. Uba ya rasa aiki, yaro ya bar makaranta, daga nan sai zaman kashe wando, sai sholisho, sai kodin. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma hani ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu.

Masu wannan jinyar nake jinjina wa, wato likitocin ƙwaƙwalwa da nas-nas na Asibitin Dawanau da na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Sau da yawa ba a kai musu yaro sai an gama yawon neman magani, wani ma da tabon mari a ƙafarsa. Duk da haka ba sa tsangwamar uwa. Sukan zaunar da ita su tambayi barcinsa da cinsa, da lokacin da ya daina shiga cikin abokansa. Sannan su bambance farfaɗiya da ciwon damuwa da illar ƙwaya, domin kowanne da maganinsa. Wannan haƙurin sauraro, a ganina, shi ne ya fi komai wuya a aikin, ga layi ya yi tsawo, ga su 'yan kaɗan.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar zamanin Turawa. Abin da ya rage shi ne kuɗi, da ƙarin ma'aikata, da ɗakin duba yara a asibitocin unguwannin da ma'aikatan kamfanonin nan suke zaune.